Zuwa Jos hutu da ƙaramar yarinya ta hanyar Hawan Kibo

Assalamu alaikum Malam Edita,

Barka da aiki, ya fama da jama'a. Don Allah a ɗan sam min fili a shafin wasiƙu, magana nake so in yi da iyaye matasa irina musamman mu da aiki ya ajiye a Abuja, tunda ga hutun Ista ya ƙarato, kwana huɗu cur daga Juma'a har Litinin, ga shi kuma zafi ya fara gasa mutane tun ƙarfe tara na safe.

Bara war haka da na ce a ofis zan ɗauki iyali mu je Jos, tambayar farko da aka min ita ce biki ake ko rasuwa aka yi. Na ce babu ko ɗaya, iska kawai za mu sha. Sai aka koma cewa da wannan 'yar mitsitsiyar yarinyar za ka hau dutse, ai wahalar da ita kawai za ka yi. Mu dai haka muka taso, ba a kama hanya sai da dalili, Sallah ko ɗaurin aure ko ta'aziyya, in kuma da goyo a gida to shikenan uwar ta zauna ke nan sai an yaye. Ni kam ban yarda da wannan ba. Mun je da Ummi tana da shekara biyu da 'yan watanni, mun dawo lafiya, bana ma in Allah ya yarda za mu koma, shi ya sa na ce bari in rubuto yadda abin ya kasance da kuskuren da muka yi ko wani zai amfana.

Da farko Mambila na so mu je wallahi, na daɗe ina son in ga Gembu da gonar shayin nan ta Kakara. Maman Ummi ce ta zaunar da ni muka yi lissafi, daga Abuja zuwa Jalingo kaɗai yini guda ne, sannan a bi Bali a bi Serti kafin a fara hawan Mayo Selbe, ta ce to kwana huɗun ai a cikin mota za su ƙare, yaushe aka huta. Gaskiyarta. Jos kuwa awa huɗu zuwa biyar ne in babu tsaye-tsaye, garin yana sama da mita 1,200 daga teku, kana isa za ka ji iskar ta canja a jikinka.

Mun loda kaya tun daren Alhamis, muna idar da sallar asuba muka ɗauko ta da barcinta a cikin zani muka sa a kujerarta, ko motsi ba ta yi ba. Wannan fitar sassafen ita ta cece mu, don duk wanda ya san Nyanya da Mararraba ranar hutu ya san in rana ta fito maka a nan to ka shiga uku, ga zafi ga hon ga yaro ya farka yana neman a sauke shi. Mun wuce Masaka mun wuce Keffi tana ta barci, sai dab da Akwanga ta buɗe ido. Nan muka sami inuwar wata bishiya nesa da titi kaɗan muka shimfiɗa tabarma, aka canja mata pampas, ta sha kunun gyaɗa daga filas, muka bar ta ta yi ta guje-gujenta kusan minti arba'in tana bin wasu 'yan tsaki. Zuciyata na ta ce min tashi mu tafi rana na yi, amma na daure, kuma da muka koma mota ba ta yi gardamar shiga kujera ba don ta riga ta sauke ƙarfinta a ƙasa.

Maganar kujerar nan ta yara ita ce ta fi damuna Malam Edita, a nan zan ɗan daɗe. Mu mun ɗauka rungume yaro a cinya a gidan gaba shi ne ƙauna. Ko Hajiyarmu da ta ga kujerar cewa ta yi wannan ai ɗaure min jika za ku yi kamar akuya. Jami'an kiyaye haɗurra sun sha faɗa cewa yaron da bai kai shekara 12 ba bayan mota ne wurinsa, saboda jakar iskar nan da ke fashewa a gaba an yi ta ne don babba, yaro kuwa illa take masa. Ni ta hannu na saya ba sabuwa ba, na duba bel ɗinta da maƙallanta babu inda ya tsage, kuma sati biyu kafin tafiyar kullum sai mun sa ta a ciki ko da masallaci ko shago za mu, ranar farko ta yi kuka har da shiɗewa, zuwa kwana na biyar da kanta take hawa. To ga abin da ya faru. Muna cikin Hawan Kibo, na sha wata kwana ke nan sai ga tirela ta mace a tsakiyar hannunmu, ganyen da suka zuba a titi don gargaɗi bai fi taku goma daga bayanta ba. Na taka birki da ƙarfina duka. Filas ɗin da ke kan kujerar baya ya taso ya wuce ta tsakaninmu ya daki gaban mota har murfin ya tsage, jakar Maman Ummi ta zube ƙasa. Na waiga jikina na rawa, yarinya na nan daram a inda take da biskit ɗinta a hannu tana kallona. Da a cinya take, hanyar da filas ya bi ita za ta bi, babu hannun uwar da zai riƙe ta. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Don girman Allah iyaye a rage kuɗin anko ɗaya a sayi kujerar nan.

Shi Hawan Kibo ga wanda bai taɓa bi ba, daga Akwanga za ka bi ta Gwantu ka wuce Fores, sannan titi ya fara miƙewa sama yana lanƙwasa a jikin dutse, hannu ɗaya ne kowa da nasa ɓangaren ga manyan motoci suna ja da ƙyar suna hayaƙi. Kada ka ce za ka wuce tirela a kwana komai jinkirinta, bi ta a hankali da tazara. A kai mota wajen bakanike tun ana saura kwana uku ya duba birki da taya da ruwan lagireto, sifeya ma a tabbatar da iska a ciki. Wajen dawowa kuma gangara ce, a sa ƙaramar giya mota ta riƙe kanta, in ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa zai yi zafi ya daina kamawa. Lambar jami'an kiyaye haɗurra ta gaggawa 122 ce, a ajiye a waya.

Ita kuma yarinya a hawan nan ta fara jan kunnenta tana ƙananan kuka, irin toshewar da babba ma yake ji, muka riƙa ba ta ruwa kurɓi-kurɓi don haɗiyar tana buɗe kunne. Can sama kuma sai amai, duk kunun nan ya dawo. Kayan canjinta suna can ƙasan but ƙarƙashin kula da buhun kaya, sai da na sauke komai a bakin titi. Bana kam riga biyu da tsumma da leda da ruwan wanki a ƙaramar jaka za su zauna kusa da ƙafar uwarta, kuma ba za mu cika mata ciki dab da hawa ba.

Babban kuskurenmu ranar Asabar muka yi shi. Na rubuta wurare har biyar a takarda, gidan tarihi, gidan zu da ke kusa da shi, gandun namun daji, duwatsun Shere, da yamma kuma Rayfield. Gani nake tunda an kashe kuɗin mai to sai an ga komai. Gidan tarihin Jos tun 1952 yake, akwai gumakan yumɓu na Nok a ciki, a gefensa kuma akwai filin da aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa, ni abin ya burge ni ƙwarai ina ta karance-karance ina ɗaukar hoto, ita kuwa Ummi tsakuwa take tsinta tana zubawa a aljihun rigata, nan duniyarta take. Na ɗauke ta cak muka wuce wuri na biyu, muka wuce na uku, lokacin barcinta na bayan azahar ya wuce ba mu lura ba. Wajen ƙarfe uku ta ɓare baki, ba ta son ruwa ba ta son goyo ba ta son kowa, ta yi ta kuka har muryarta ta dushe, uwarta ma ta zauna a mota idonta ya kawo ruwa ta ce min Baban Ummi wannan ba hutu ba ne. Maganar ta shige ni. Muka koma masauki, Shere dai daga nesa muka hango shi, dutsen da ƙololuwarsa ta haura mita 1,800 dama ba wurin mai shekara biyu ba ne.

Ranar Lahadi sai muka juya tsarin gaba ɗaya. Wuri ɗaya tak da safe, mu dawo kafin azahar ta ci ta yi barci mu ma mu miƙe, da la'asar a ɗan taka a unguwa. Muka koma gandun namun dajin nan da aka kafa tun 1972, ba mu zagaye ko rabinsa ba, wajen birai ta tsaya ta riƙe yatsana tana nuna su tana dariya tana cewa wani abu da yarenta, mun fi rabin awa a nan ban ce mata mu tafi ba. Da yamma muka zauna a waje da shayi, iska mai sanyi tana kaɗawa, ita tana wasa da tsakuwoyinta na jiya a kan tabarma, ni da uwarta muka yi hirar da mun fi wata shida ba mu samu mun yi ba. A duk tafiyar yinin nan ne nake tunawa.

Sanyin Jos ko a watan zafi kada a raina shi da dare da asuba, balle ga yaron da ya saba da Abuja. A tafi da rigar sanyi da safa da hula da man kaɗanya. Kafin ka biya kuɗin ɗaki ka tambaya akwai ruwan zafi, kuma ƙarfe nawa ake kashe janareta, mu inda muka sauka an ce mana akwai hita ashe ta lalace, sai a 'yar butar lantarkinmu muka riƙa dafa ruwan wankanta. Gidan sauro ma mun tafi da namu don sanyi bai hana sauro. Sai maganin zazzaɓi na yara da gishirin ORS da zinc saboda gudawa, abincinta kuma wanda ta saba muka riƙe, mu manya ne muka ci gwaten acca da masa da tsire.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai shi ne kududdufan nan da ke ko'ina wajen Bukuru da Rayfield. Ramukan haƙar kuza ne tun zamanin Turawa ruwa ya cika su, ruwan kwance luf gwanin sha'awa amma zurfi ne da su tun daga baki, kuma sun sha cin mutane. Yaro mai tafiya dagwai-dagwai ƙiftawar ido ya ishe shi. Haka ma a magangarar ruwa ta Assop da ke gindin Hawan Kibo, duwatsun akwai santsi, mu a bayan uwarta ta ga wurin. Kuma ko minti biyu ne kada a bar yaro a mota a kulle a ce bari in sayo abu.

Na san wani zai ce ya maganar tsaro. Ba zan ɓoye ba, Filato ta sha rikici kuma har yanzu akan samu tashin hankali a wasu ƙananan hukumomi, ni ma sai da na kira wani abokina mazaunin garin ana gobe za mu taso, na sake kiransa da asuba, shi ya faɗa min unguwar da zan nemi masauki. Ba mu yi tafiyar dare ba ko sau ɗaya, ba mu ratse zuwa ƙauyen da ba mu sani ba, magariba a masauki take mana. Da ya ce min gari ba lafiya da mun zauna a gida. Amma abin da na gani da idona, matar da ta taimaka mana da ruwa lokacin aman nan a bakin hanya da kuros a wuyanta, ta kawo bokiti ta tsaya har muka gama ta ƙi karɓar ko sisi.

Roƙona ga hukumomi da 'yan kasuwa masu hali, a taimaka a samar da wuraren yada zango a hanyar nan, wuri mai banɗaki mai tsafta da ruwa da inuwa da ɗan masallaci, ko biya ake yi za mu biya. Mun tsaya a wani gidan mai banɗakin a kulle, wai mai makullin ya tafi cin abinci, haka Maman Ummi ta canja wa yarinya a kan kujerar mota ni ina kare su da zani. Jihar da ake wa kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido ta cancanci hanyar da mace mai goyo za ta bi hankali kwance.

Ranar Litinin da sassafe muka biya Farin Gada muka cika but da dankalin turawa da kabeji da karas na tsaraba, muka sayi sitiroberi a hannun masu talla, muka ɗan tsaya daga bakin titi muka kalli duwatsun Riyom da ke ɗore a kan juna, kafin la'asar muna gida. Bana takardar tawa wuri biyu kawai na rubuta a ciki, wajen birai ranar Asabar, Lahadi kuma gidan abokin nan nawa, matarsa ta ce a kawo mata Ummi ta gani.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Baban Ummi, daga Kubwa, Abuja