Kan shawarar "gani ya kori ji" da muhawarar malaman tsohuwar Indiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka. Na karanta sharhin da kuka buga kan labaran ƙarya da ke yawo a wayoyi, inda marubucin ya ba da shawarar kada mutum ya gaskata komai sai abin da idonsa ya gane masa, tunda gani ya kori ji. Ina tare da shi a kan ɓarnar jita-jita. Amma wannan shawara ba za ta fisshe mu ba, kuma malaman Indiya sun kwashe sama da shekara dubu suna muhawara a kanta. Ka ba ni fili in kawo kaɗan daga ciki, don yawancinmu ta finafinai kawai muka san ƙasar.

Tambayarsu ita ce: ta wace hanya sani na gaskiya yake samuwa? Irin wannan hanya suna kiranta pramana, kuma kowace makarantar tunani tana da adadin da ta yarda da shi. Mabiya Carwaka, waɗanda ba su yarda da lahira ba, sun ce hanya ɗaya ce tak, wato abin da ido da kunne da sauran gaɓoɓi suka riska. Hujjarsu tana da nauyi. Idan ka hangi hayaƙi a kan dutse ka ce akwai wuta, sai su tambaye ka: ka ga duk hayaƙin duniya, na jiya da na gobe, da har ka san ba ya rabuwa da wuta? Wannan shi ne matsayin marubucinku idan aka bi shi har ƙarshensa.

Abokan muhawararsu sun amsa da cewa shi kansa ɗan Carwaka, in ya buɗe baki zai gyara wa wani kuskure, bai ga kuskuren a cikin ƙirjin mutumin da ido ba, daga maganarsa ya gano shi. Ke nan yana aiki da hanyar da yake musu. Sannan ido ma yana ruɗuwa. Littattafansu cike suke da misalin igiya da aka ɗauka maciji da magariba, da ɓawon kodi mai ƙyalli da aka ɗauka azurfa. A yau da ake haɗa bidiyo a sa wa mutum maganar da bai faɗa ba, mai cewa "da idona na gani" yana iya zama shi ne wanda aka fi yaudara.

Makarantar da na fi so masu karatu su sani ita ce Niyaya. Tushenta littafin Gautama ne, wanda aka tattara wajen ƙarni na 2 Miladiyya, kuma ta yarda da hanyoyi huɗu: gani, kafa hujja, kwatantawa, da shaidar amintacce. A kan hayaƙi sun yi aiki mai kyau. Sun ce hujja ba ta tsayuwa sai an kawo misalin da kowa ya sani, kamar murhun girki, sannan an bincika ko akwai wani ɓoyayyen sharaɗi. Hayaƙi yana nuna wuta, amma wuta ba ta nuna hayaƙi, domin ƙarfen da ya yi jajir yana da wuta ba hayaƙi. Ɗanyen itace ne ke kawo shi.

Inda suka fi taɓa damuwarmu shi ne batun shaida. Watsiyayana, wanda ya yi wa littafin sharhi wajen ƙarni na 5, ya bayyana amintacce da cewa shi ne wanda ya san abin da kansa, kuma yake nufin isar da shi yadda ya san shi. Sai ya ƙara da cewa wannan ma'auni ɗaya ne ga waliyyi, da ɗan ƙasa, da baƙon da ba ya jin yarensu. A ƙasar da aka kasa mutane aji-aji tun daga haihuwa, malami ya ce gaskiyar labari ba ta bin asalin mai kawo shi. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin mu sau da yawa abin da muke fara dubawa shi ne ko mai maganar namu ne, ɗan garinmu ko ɗan ɗariƙarmu ko ɗan jam'iyyarmu. Ko yana wurin da abin ya faru, da kuma ribar da zai ci in an yarda da shi, ba kasafai muke tambaya ba.

Malaman addinin Buddha, Dignaga da ya rayu wajen 480 zuwa 540 da Darmakirti da ya biyo bayansa, sun tsananta fiye da haka. A wurinsu hanyoyi biyu ne, gani da hujja, shaida kuwa reshe ce ta hujja: ba ka karɓar magana sai kana da dalilin amince wa mai ita. Shi kuma Kumarila na makarantar Mimamsa ya ce sani yana zuwa da gaskiyarsa, ana riƙe shi har sai wani abu ya rushe shi. 'Yan Niyaya suka ƙi, suka ce ana tabbatar da shi ne daga waje, kamar wanda ya hangi ruwa, ya je, ya sha, ƙishirwa ta tafi. Ra'ayin Kumarila yana da wurinsa, don ba wanda zai iya binciken kowace magana ta mahaifiyarsa ko malaminsa. Amma ga saƙon da aka turo ba suna ba asali, a ganina hanyar Niyaya ce ta dace.

Ba na cewa mu baƙi ne ga wannan tunani. Wanda ya yi karatun tauhidi ya san Imam Nasafi, da ya rasu a 1142, ya ce sabubban ilimi uku ne: lafiyayyun gaɓoɓi, labari na gaskiya, da hankali. Makarantar Sankiya ta Indiya ma uku ta lissafa masu kama da waɗannan, kowa ta nasa tafarkin. Malaman hadisi kuwa sun gina ilimi sukutum a kan tantance masu ruwaya. Shi ma Albiruni, malamin Musulmi da ya koyi Sanskirit, harshen malaman Indiya, ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen 1030, da wannan batu ya buɗe shi. Ya yarda labari ba ya kai gani, amma ya nuna gani yana tsayawa ne a kan abin da ke gabanka yanzu, labari kuwa yana kai ka ga abin da ya wuce da wanda ke nesa, sannan ya bi dalilan da ke sa mutane ƙarya ɗaya bayan ɗaya.

Jaridarku ita kanta shaida ce. Ban je majalisa ba, ban je inda ambaliya ta ci gidaje ba, ta bakinku na ji. Saboda haka roƙona shi ne ku riƙa faɗa mana a kowane rahoto ko wakilinku yana wurin ko gaya masa aka yi, kuma wa ya gaya masa. In da hali, ku buɗe wani shafi da zai riƙa kawo irin waɗannan muhawarori cikin Hausa, na Indiya da na Bagadaza da na Girka, don ɗalibanmu su samu abin karantawa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka mai karatu,
wani malamin sakandare daga Katsina