Iyaye a labarin balaga ba shinge ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na sharhin littattafai kan labaran ƙuruciya da balaga, kuma wata magana ta tsaya mini a rai. An ce wai a irin waɗannan littattafai aikin iyaye shi ne tare hanya, yaro kuma ba ya girma sai ranar da ya tsallake su. Na daɗe ina koyar da 'yan sakandare, kuma ban yarda ba.

A duba littafin L'Enfant noir na Camara Laye, ɗan ƙasar Gini, wanda ya fito da Faransanci a 1953. Uban yaron maƙeri ne a Kurusa, har zinariya yake ƙerawa, kuma bai hana ɗansa boko ba. Wani dare ya ba shi labarin ƙaramin baƙin macijin da ke zuwa maƙerarsa, sannan ya fito masa da abin da ke cin ransa: kullum yaron yana makaranta, ba ya zama kusa da shi har ya gaji abin da ya sani, kuma wata rana zai tafi. Daren nan barci ya ƙaurace wa yaron. A ganina nan girmansa ya soma, ranar da ya gane ashe uba ma yana jin tsoro. Uwar kuwa, da aka ce zai tafi Faransa karatu, ta yi faɗa, ta yi kuka, ta kasa riƙe shi. Wanda ya kira ta shinge ya zalunce ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zangon balaga tsakanin shekara 10 zuwa 19. Ina ganin yara masu waɗannan shekaru a aji kullum. Yaron da ya fi kowa ƙorafin ubansa, in ya fusata, da kalaman uban yake faɗa, har da yadda yake ɗaga yatsa.

Abin da ke damuna shi ne littattafan da ke mai da uba tsawa kawai, uwa kuma hawaye, kamar ba su taɓa zama yara ba. Yarinyar da ta karanta goma irinsu za ta koma gida ba ta ga mutum a cikin mahaifiyarta.

Ina roƙo, in za ku sake shirin, ku gayyato uwa ko uba da ɗansu, kowa ya karanta littafi guda, mu ji inda kowannensu ya tsaya.

Wassalam,
Wata malama mai sauraronku