Direba ɗaya, gilasai iri biyu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya kuma baƙunta? Saƙonka ya iso, na ga ƙorafin cewa na yi shiru. Ba yada zumunci na yi ba, wani aiki ne ya sha mini kai, kuma tunda kai ne ka fara zaunar da ni gaban kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa na'ura, bari ka ji labarinsa.

Ka tuna na'urar nan tamu mai allon 720 sau 1280, wanda ke karɓar hoto ta MIPI DSI, wata hanyar haɗa allo da na'ura, a kan layi huɗu? Masu kawo mana allon sun daina ƙera shi, aka samo wani. Cif ɗin da ke bayansa, wato ɗan guntun lantarkin da ke sarrafa gilashin, duk ILI9881C ne na kamfanin Ilitek, amma gilashin daban. Ga kuma tsofaffin na'urori a hannun jama'a, dole manhaja ɗaya ta ɗauki duka biyun. Direban da muka gada, wato kod ɗin da kanel ke sarrafa allon da shi, na cikin gida ne, an rubuta shi kamar allo ɗaya ne a duniya: lambobin kunnawa, faɗi da tsayi, gudun agogo, duk an cusa su cikin kod.

Shawarar farko da aka kawo ita ce a kwafi fayil ɗin, a sauya masa suna da lambobi, a wuce wurin. Ban yarda ba. Ranar da aka gano ɓaraka a ɗaya, wa zai tuna da tagwayensa? Ta biyu kuma, a barbaɗa sharaɗi ko'ina, in wannan allo ne yi kaza, in wancan ne yi kaza. Wannan ta fi muni, domin allo na uku na zuwa ba wanda zai iya karanta fayil ɗin.

Abin da na bi shi ne raba abin da cif ke yi da abin da gilashi ke buƙata. Na farko kod ne, kowa ya yi tarayya a cikinsa. Na biyu bayani ne kawai, kowane allo da tsarinsa guda mai ɗauke da jerin umarnin kunnawa, ma'aunin lokaci, yawan layuka da tutocin DSI. A fayil ɗin bayanin na'ura kowane allo na da kalmar compatible tasa, wato sunan da ake gane shi da shi, direba ya duba ta lokacin probe, wato lokacin da kanel ke haɗa shi da allon, sai umarnin of_device_get_match_data ya miƙo masa tsarin da ya dace. Ba ƙirƙirata ba ce. Haka direban panel-simple na kanel ke riƙe da tarin alluna. Kuma a 2020 direban allon kamfanin Rocktech na na'urar gwajin wayar Librem 5 ya bi wannan hanya, aka sauya masa suna zuwa st7703, sunan cif ɗin Sitronix da ke ciki, don ya ɗauki allon wayar PinePhone ma.

Jerin umarnin bai ba ni wahala ba. Cif ɗin shafi-shafi yake: a aika 0xFF, 0x98, 0x81 da lambar shafi, sannan a zuba lambobi a rejistocin gamma, wato daidaita haske, da na wuta. Takardar masu ƙera gilashin ce ke ba da lambobin, yawancinsu babu ko layi ɗaya na bayani. Na kwashe su yadda suke, ban yi wa ko ɗaya kwaskwarima ba. Ma'aunin lokaci ma lissafi ne: jimillar faɗi har da ratar gefe, sau jimillar tsayi, sau yawan hoto a daƙiƙa. Misali 800 sau 1320 sau 60 zai ba ka kusan megahaz 63.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsarin ba da wuta. Kanel ya raba aikin gida huɗu, prepare da enable wajen kunnawa, disable da unprepare wajen kashewa, kuma wanne ya riga wanne ba abin wasa ba ne. A kunna masu daidaita wuta, a jira, a saki layin riset, wanda ke mai da cif farko, a jira, a aika jerin umarni, sannan 0x11 don ya farka daga barci, a ba shi milisakan 120, sai 0x29 hoto ya fito. Fitilar baya ita ce ta ƙarshe, in ba haka ba mai na'ura zai ga walƙiyar fari ko shara kafin hoto. Sabon allon ya fi tsohon son jira bayan riset. Da tsohon jinkirin, yakan tashi lafiya in na'ura ta kwana a kashe, amma a kashe allo a sake kunna shi nan take, sai fitila ta kama gilashi kuwa baƙi ƙirin, kuma kanel bai rubuta kuskure ko ɗaya ba. Sai da na ɗora osiloskof, na'urar da ke zana motsin wuta, a kan layin riset da na wuta na ga tazarar da idona. Nan ma sharaɗi ya so ya leƙo, sai na mai da jinkirin lamba a cikin tsarin kowane allo.

Akwai abin da na dage a kai har aka ce na cika tsanani. Na raba gyaran kod ɗin faci-faci, kuma na farko-farko ba su ƙara komai ba, kaya kawai suka kwashe daga nan zuwa can, kuma bayan kowanne na gwada tsohon allo na tabbatar baitocin da ke fita ba su sauya ba. Sabon allo sai a facin ƙarshe ya shigo, tsari ɗaya da layi ɗaya a teburin compatible. Gobe in wani abu ya lalace, git bisect, umarnin da ke bin tarihin gyare-gyare, zai nuna facin da ya yi laifi kai tsaye.

Wani abokin aiki na so mu ƙara wa tsarin guraben da babu allon da ke buƙatarsu yanzu, wai saboda gaba. Na ce a bari sai allon ya zo. Ina son jin ra'ayinka kan abu guda: in wata rana aka kawo allo mai wani cif dabam amma girmansa ɗaya, ni ina ganin sabon direba ya kamata, ba a tura shi cikin wannan ba. Kai fa?

Ka gaishe mini da madam da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka