Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamin Da Ya Tambaye Ni Amfanin Zuwa Bita A Kan Tarihin Shekara 400

Assalamu alaikum, Malam.

A taron malaman tarihi da muka yi a ƙarshen zangon da ya wuce, ka miƙe ka tambaye ni dalilin da zai sa malamin da ya shekara goma yana koyar da tarihin farkon zaman Turawa a Amurka ya sadaukar da mako guda na hutunsa don zuwa bita, alhali abin da ya faru a 1607 ya riga ya faru. Lokaci ya ƙure mana a ranar, kuma tun da a gaban jama'a ka yi tambayar, ya kamata amsar ma ta zo a gaban jama'a.

Gaskiyarka, abin da ya faru ba zai sake ba, sai dai saninmu game da shi kullum ƙaruwa yake yi. An daɗe ana ɗaukar cewa kogin James ya cinye sansanin farko da Ingilawa suka gina a Jamestown da ke Virginia a 1607, har sai da masanin tono kayan tarihi William Kelso ya fara tono a wurin a 1994, aka tarar da mafi yawan sansanin yana nan a tudu. A 2013 kuma masu binciken suka bayyana ƙasusuwan wata yarinya mai kimanin shekara 14, ɗauke da sawun sara da yanka, abin da ya tabbatar da cewa a yunwar hunturun 1609 zuwa 1610 mazauna wurin sun kai ga cin naman matattunsu. Malamin da ya tsaya a kan littafin da ya karanta yana ɗalibi zai iya ƙare aikinsa bai ji wannan ba.

Amma babban abin da na samu a bita ya wuce sababbin labarai. A wani kwas da na halarta, an raba mana rubutu guda biyu na John Smith, ɗaya daga cikin shugabannin Jamestown, a kan kamun da mutanen Powhatan, sarkin 'yan asalin yankin, suka yi masa a Disambar 1607. A wanda aka buga a 1608 babu maganar cewa Pocahontas, 'yar sarkin, ta cece shi daga kisa. Labarin ya fito ne a wanda aka buga a 1624, shekara bakwai bayan rasuwarta a Ingila, lokacin da ba ta da bakin da za ta gaskata ko ta ƙaryata. Muka wuni muna muhawara, wasu na cewa ƙirƙira ya yi, wasu na cewa wata al'ada ce ta shigar da baƙo cikin jama'a wadda bai fahimta ba. Na yi shekaru ina ba yara wannan labari kamar ba shi da ja, kuma a ranar na ga girman abin da na hana su. Yanzu takardun biyu nake ajiye musu, in tambaye su wa ya rubuta, yaushe, kuma wa yake so ya karanta. Yaran da a da ba sa ɗaga hannu su ne suka fi zafin gardama.

Haka nan batun bauta, wanda na san yawancinmu muna taka shi da ɗari-ɗari. A 1619 majalisar wakilai ta farko ta zauna a Jamestown, kuma a watan Agustan wannan shekara jirgin White Lion ya sauke 'yan Afirka ashirin da 'yan kai a Point Comfort da ke gaɓar Virginia, waɗanda aka kamo daga yankin Angola. A 1662 Virginia ta kafa doka cewa ɗa yana bin matsayin mahaifiyarsa, wato ɗan baiwa bawa ne ko da mahaifinsa mai 'yanci ne. Malamin da ya karanta dokar da idonsa yana iya nuna wa ɗalibai cewa mutane ne suka zauna suka gina wannan tsari mataki-mataki. A irin wannan zama ne na fara sanin Ayuba Suleiman Diallo, Bafulatani mai ilimi daga Bundu a ƙasar Senegal ta yau, wanda aka sayar zuwa gonar taba a Maryland, ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci, wasiƙar ta faɗa hannun James Oglethorpe, wani ɗan majalisar Birtaniya, ta zama sanadin kai shi Landan a 1733 da komawarsa gida a 1734. Ni da na tashi da allo da tawada, wannan labari ya taɓa ni ƙwarai, kuma na ga yadda yake ɗaga kan ɗalibaina Musulmi.

Ban musa maka cewa akwai bitar da ɓata lokaci ce ba. Na taɓa zama awa shida ana karanta mana abin da ke jikin allo, a ƙarshe aka miƙa mana takardar shaida. Ma'aunina shi ne ko za a sa maka takardun asali a hannu, da kuma ko za ka ji muryar 'yan asalin ƙasar, irin su ƙabilar Wampanoag da suka karɓi Ingilawan da jirgin Mayflower ya kawo a 1620. Cibiyoyin tarihi na Amurka irin su Colonial Williamsburg da Gilder Lehrman suna shirya wa malamai kwas a lokacin dogon hutu, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka kuma ya zuba takardu kyauta a intanet tare da jagorar koyar da su.

Idan makon ya yi maka tsada, ka ba ni awa ɗaya a zamanmu na gaba. Zan zo da rubutun Smith guda biyu, mu karanta tare, sannan ka faɗa mini wanne za ka kai wa ɗalibanka.

Naka a aikin koyarwa,
Ɗan'uwanka malamin tarihi