Zuwa ga Abba, game da sabon aikinka na Marina

Agege, Legas

Ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Kawunka da mutanen gidansa a Idi-Araba. Tunda Allah ya sa ka kama aiki a sashen kuɗi na kamfanin nan na Marina, ga abubuwan da nake so ka riƙe tun tafiya ba ta yi nisa ba.

Fara da takardar ɗaukar aikinka, ka karanta ta layi-layi. Wata nawa ne na gwaji? A yawancin kamfanoni uku ne zuwa shida. Idan lokacin ya cika, aka yi mako biyu ba ka ga takardar tabbatarwa ba, ka rubuta wa sashen ma'aikata ka tambaya cikin ladabi. Sau da yawa ba mugunta ba ce, fayil ne ya kwanta a teburin wani, amma rance da kwas da ƙarin girma duk suna jiran wannan takardar. Haka takardar albashi. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga naka, kamfani ya ɗora aƙalla kashi 10, a zuba a asusunka na fansho cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Cirewa daban, zubawa daban. Duk wata ka duba ko kuɗin sun shiga.

Hanya kuwa ka san ta. Wanda ya bar Idi-Araba ƙarfe bakwai ya nufi gadar Eko, a Apongbon zai ga ƙarfe tara. Ka fita da an idar da Asuba, katin Cowry ɗinka na shiga bas da kuɗi a ciki tun daren jiya, musamman a Yuni da Yuli lokacin da ruwa ke cinye tituna. Go-sulo ba uzuri ba ne a Legas, don shi ma ogan ta cikinsa ya ratso.

Yanzu ga babbar maganar. An raine ka da kunya da kawaici, an ce maka yabon kai jahilci, kuma gaskiya ne a gida. Amma a ofis mai ma'aikata ɗaruruwa, wanda ya yi aiki ya yi shiru, wani ne zai ɗauki aikin ya kai taro da sunansa. Ba ihu nake so ka yi ba, rubutu nake so ka yi. Ka ware littafi guda, kowace Juma'a kafin ka tashi ka ba shi minti goma sha biyar: me aka ba ni, me na gama, yaushe, me ya amfana wa kamfani. Kada ka rubuta "na yi ƙoƙari a wannan mako". Ka rubuta kamar haka: "Na gama daidaita asusun banki na Maris ranar 3 ga Afrilu, a da sai 8 ga wata, na gano an biya ɗan kwangila ɗaya sau biyu, an dawo da kuɗin." Daga nan ka tsamo layi huɗu ko biyar ka tura wa oganka ta imel. Ranar tantance ma'aikata ta ƙarshen shekara, shi ba zai tuna abin da ya wuce wata biyu ba. Wasu za su shiga da "ai ina aiki tuƙuru", kai ka shiga da kwanan wata da lambobi.

Rubutun nan shi ne kuma garkuwarka. Idan oga ya tsaya bakin ƙofa ya ce ka biya wane miliyan kaza yanzu, takardu za su biyo baya, kada ka yi masa gardama a gaban mutane, kada kuma ka biya. Ka ce to ranka ya daɗe, ka koma teburinka ka tura masa imel: "Kamar yadda ka umarta, zan biya wane kaza da zarar ka amince a nan." Mai gaskiya zai amsa cikin minti ɗaya. In ya ƙi amsawa, ka gane. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, sa hannu suke bi, kuma na ƙaramin ma'aikaci ya fi sauƙin kamawa. Lambar sirrinka ta kwamfuta ba ta aro ba ce, ko ga wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. In imel ya zo daga mai kawo muku kaya wai ya sauya asusun banki, ka kira shi ta tsohuwar lambar da ke cikin fayil, ba wadda ke jikin saƙon ba. Da wannan dabarar 'yan damfara ke kwashe kuɗin kamfanoni. Kwandunan kyauta na Disamba ka sanar da oga kafin ka taɓa.

Ranaku biyu kada su kuɓuce maka: harajin albashin ma'aikata zuwa 10 ga watan da ke biye, wanda a nan hukumar harajin jihar Legas, wato LIRS, ake kai wa, sai harajin VAT na kashi 7.5 zuwa 21 ga wata. Makara tana jawo biyan tara, kuma za a tambayi a hannun wa ta faru.

Digiri ya shigar da kai, amma a aikin akanta jarrabawar ICAN, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, ita ce ke hawar da mutum. Matakai uku ne, kuma mai digirin akanta daga jami'ar da suka amince da ita ana ɗauke masa wasu darussa. Ka yi rajista bana, kafin aure da 'ya'ya su raba maka dare. Ka tambaya ko kamfani na mayar da kuɗin jarrabawa, wasu suna yi amma ba sa shela. Excel kuma, wato manhajar lissafi ta kwamfuta, ka iya shi har a riƙa zuwa teburinka neman taimako.

Ƙarin albashi da lokacinsa. Kamfanin da ke rufe shekararsa a Disamba, tun wajen Oktoba yake tsara kasafin baɗi; wanda ya zo a Janairu ya tarar an rufe. Kada ka kawo kukan kuɗin haya ko tsadar mota, kowa na da nasa. Ka kawo littafinka, ka faɗi adadin da kake nema, ka yi shiru. In aka ce ba yanzu ba, ka tambayi me za ka cika, zuwa yaushe, ka rubuta amsar.

Maganar Juma'a ka daidaita ta da oga tun makon farko, kada ka riƙa sulalewa. Babban Masallacin Legas na titin Nnamdi Azikiwe da ƙafa za ka je. Ka faɗi lokacin fita da na dawowa, ka cika. Ka koyi gaisuwa da Yarbanci, ka gai da mai gadi da direba da sunansu, su ne suka fi kowa sanin halin da ofis ke ciki. Abincin rana kuma kada kullum ya zama da 'yan Arewa kaɗai.

In wata rana ka samu inda ya fi, kada ka ajiye wannan sai takardar can ta shigo hannunka. Ka ba da sanarwa yadda yarjejeniya ta ce, ka miƙa fayiloli a rubuce, wanda ya karɓa ya sa hannu.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka gai da Kawunka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka