A nemi lauya kafin a cike takardun bizar iyali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja kunnen masu son ɗauko iyalinsu zuwa Ingila.

Ƙanena, da ya samu izinin zama na dindindin a can, ya bar wa wani ɗan kamasho takardun matarsa. Ashe mutumin bai san tun Afrilun 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin kuɗin da ake buƙatar mai ɗauko iyali ya riƙa samu daga fam 18,600 zuwa 29,000 a shekara ba. Aka hana ta biza, kuɗin nema ya bi ruwa, ita kuwa har ta ɗinka akwatin kaya ta yi sallama da dangi.

Lauya, ko mai rajista da IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawara a harkar shige da fice a Ingila, da takardar albashi zai fara tambaya.

Naka,
Mai karatu daga Kano