Jinga ko kuɗin awa: wanne zan ɗauka a aikin shagona na intanet?

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, ya iyali? Allah ya ƙara basira.

Ni 'yar kasuwa ce a Kano. Ina sarin atamfa da leshi da shadda a Kantin Kwari, ina sayarwa ta WhatsApp da Instagram. Alhamdu lillahi ciniki ya buɗe har ya fi ƙarfin waya ɗaya: wannan na tambayar farashi, waccan na neman hoton wata kala, wata kuma ta turo shaidar biya da tsakar dare alhali turmin da take so ya ƙare tun la'asar. Shi ya sa nake son a gina mini shago a intanet, mai saye ya ga kaya, ya biya ta Paystack, hanyar biyan kuɗi ta intanet, ni kuma in riƙa ganin abin da ya rage a sito.

Ƙanena ya buɗe mini asusu a Upwork, dandalin intanet da ake ɗaukar masu aiki, muka saka tallar aikin. Mutum biyu suka kwanta mini a rai. Na farko matashi ne daga Legas, ya ce jinga za mu yi, dala 600 aikin gaba ɗaya. Na biyu yana Pakistan, ya ce dala 12 kowace awa, kuma a hasashensa aikin zai ci awa 40 zuwa 70. Wato zai iya tsayawa a dala 480, zai iya kaiwa 840. Wannan tazarar ce ta hana ni sukuni.

Ga abin da na fahimta game da tsarin. In jinga ce, za a raba aikin mataki-mataki, in zuba kuɗin kowane mataki a hannun kamfanin Upwork a matsayin amana, ba za a sakar masa ba sai na ce na gamsu. Amma in ya miƙa aiki na yi shiru har kwana 14, kuɗin zai tafi gare shi kai tsaye. In kuwa na awa ne, akwai manhajar da ke ɗaukar hoton fuskar kwamfutarsa sau ɗaya a kowane minti 10, ana cire kuɗin mako-mako, kuma ina da ikon ƙayyade masa awannin da ba zai wuce ba a mako.

Maigidana ya tsaya kan jinga. Ya ce ko magini ka ɗauka da kuɗin yini, bulo goma sai ya kai shi azahar, in kuwa jinga ce kafin hantsi ya tayar da bango. Na ce masa gaskiya ne, amma bangon gaggawa shi ne wanda damina ke tona wa asiri. Kuma hotunan nan da ake cewa su ne kariyata, me zan gane a cikinsu? Rubutun masu haɗa manhaja ne fal allo, ba zan iya bambance wanda ke aiki da wanda ke jan lokaci ba.

To amma Malam, abin da ya fi damuna yana wajena ne. Har yanzu ban gama sanin siffar shagon da nake so ba. Sai na ga abu a gabana sannan nake cewa a matsar da wannan, a ƙara wancan. Jiya ma na tuna masu sayen kayan lefe suna buƙatar shafinsu daban, ga masu biya kashi-kashi, ga 'yan sari da farashinsu ba ɗaya yake da na mai sayen turmi guda ba. In muka ƙulla jinga, ko dai ya ce wannan ba ya cikin magana sai na ƙara kuɗi, mu yi ta sa-in-sa, ko kuma ya ji nauyina ya yi mini a kyauta, in ci guminsa. Cin gumin nan ya fi ba ni tsoro. Manzon Allah (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma ba na son in kafa kasuwa da haƙƙin ɗan wani a wuyana.

Sai kuma maganar dala. Tun da aka saki naira aka bar wa kasuwa yanke darajarta a watan Yunin 2023, dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya ga wannan ba zai so bashin dala mai buɗaɗɗen baki ba. Kuɗin nan daga jarina zan yanko su, ga azumi na matsowa, lokacin da ya kamata a ce sito cike yake da kayan sallah.

Ƙanena ya kawo wata dabara: in biya mutum ɗaya awanni kaɗan, mu zauna ta bidiyo ya rubuta dalla-dalla abin da shagon zai ƙunsa, sannan a yanka jinga a kan wannan takardar, gyare-gyaren bayan an gama kuma su koma na awa da iyaka a mako. Raina ya karkata nan. Sai dai ina tunanin ko ba biya biyu zan yi ba, kuma shin adalci ne in ɗauki takardar da wani ya rubuta in kai wa wanda ya fi shi araha?

Don Allah Malam ka duba mini. A halin da nake ciki wanne ya fi dacewa? In jinga ce, gyara nawa ya kamata a rubuta a yarjejeniya tun farko, kuma kashi nawa zan riƙe sai na ga kuɗin mai saye na farko ya shigo asusuna? In ta awa ce, da me mace irina za ta auna cewa awannin da aka rubuta an yi su da gaske? Na ce wa dukkansu su ba ni zuwa ƙarshen wata.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Taka mai sauraro,
wata 'yar kasuwa daga Kano